Ankon bikin ƙanwata ya jawo magana: wai kayan wa muke sawa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan ko na samu masu taya ni tunani.

Bikin ƙanwata ya matso, aka zauna fitar da anko. Ni da zaƙewa na ce me zai hana a wannan karon a yi abin gida, a sayi farin yadi a kai marina a rino mana, mu ma a ce mun raya sana'ar kakanni. Gwaggona ta bari na gama tsara zancena tsaf, sannan ta ce, "To Alhaji Babba, mutum nawa za ka saya wa?" Da aka buga lissafi, kuɗin mutum ɗaya na rinin gida zai ɗinka wa mutum uku atamfar Chaina. Ƙarshenta 'yar Chainar aka ɗauka.

Abin da ya fi ci min rai, zanen da ke jikinta kwaikwayon ɗaurin rini ne, mai zagaye-zagayen nan, har da ɗan dishi-dishin da baban rini ke bari a gefe, amma inji ne ya buga shi. Kuma a shagon kawuna da nake tsaro a kasuwar Kantin Kwari aka saya. Ni na ƙirga turamen da hannuna na zuba a leda.

Shin wannan dunƙulewar duniya da ake ta faɗa, cutarmu aka yi da ita, ko mu ne muke cutar kanmu?

Maman Amira:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gwaggonka ta fi ka gaskiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Ni a gida nake sarin atamfa ina bayarwa biya kaɗan-kaɗan, na san su wa ke saya. Matar mai gadi, matar ɗan Adaidaita, yarinyar da ke aikatau. Mahaifiyata tana ba mu labarin lokacin da mace za ta shekara da zani biyu, ɗaya a jiki ɗaya a igiya. Yau kowace yarinya tana fita da sabon ɗinki ranar Sallah. Ku masu boko ku yi ta kiran abin da sunan da kuka ga dama, ni dai na san ɗan Chaina ya rufa wa talaka asiri.

Abu Sumayya:
Ai Malam Ɗan Fagge, da a tufafi abin ya tsaya da da sauƙi. Je ka bikin ma ka gani. Kamu da sa lalle da buɗar kai sun zama na cika ƙa'ida, dina ce bikin. A yi hayar ɗakin taro, a ɗauko mai kiɗa, amarya ta fito cikin rigar da kakarta ba za ta iya kallo ba. Akwai gidan da na shiga a nan Kano, yaro ɗan shekara bakwai bai san "tara" ba sai an faɗa masa da Turanci, uwarsa kuma dariya take, abin alfahari ne a wurinta. Yara sun san sunayen 'yan wasan Koriya da 'yan ƙwallon Sifen, ka ce su kawo sarakunan Kano biyar ka sha kallo. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Ummi 'Yar Tattali:
Yaya Ɗan Fagge, kafin a yi nisa, ina da tambaya. Farin yadin da ka ce a saya a kai marina, a ina aka saƙa shi? Kai ne ɗan Kwari, ka fi ni sani. Ko da gwaggo ta yarda da shawararka, da wuya kuɗin yadin bai koma Chaina ba, kuɗin rinin kaɗai ne zai tsaya a gida.

Malam Abu Sumayya kuma, ina girmama damuwarka, amma mu duba kayan da muke kira na gargajiya. Shaddar da manyanmu ke taƙama da ita, Getzner, a Ostiriya ake yin ta. Atamfar Holan da iyayenmu mata ke adanawa a ƙasan akwati, kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond, kuma asalinta kwaikwayon rinin mutanen tsibirin Java ne na Indunusiya. Can ba ta samu karɓuwa ba, sai ta samu kasuwa a Afirka ta Yamma. Leshi mai tsada daga Ostiriya da Siwizalan aka san shi. Mu koma kicin: masara, rogo, gyaɗa, barkono, tumatir, duk daga nahiyar Amurka suka zo. Dalar gyaɗar Kano da muke tinƙaho da ita, irin baƙo ne. Goron da ba a ɗaura aure sai da shi, fatake ne ke tafiyar watanni zuwa Gwanja su ɗauko shi. Yaushe Bahaushe ya taɓa zama shi kaɗai a ɗaki?

Abu Sumayya:
Ƙanwata, akwai bambanci tsakanin baƙon da ka yi wa shimfiɗa da ambaliyar da ta shigo maka ɗaki da tsakar dare. Kakanninmu sun karɓi masara suka yi tuwo da ita, ba su bari ta sauya musu sunan abinci ba. Sun ɗauki shekaru suna tacewa. Yanzu abu zai fito a waya da safe, kafin la'asar ya shiga kowane lungu.

Jikan Marini:
Bari in sa baki, tunda an taɓo gidanmu. Ni ɗan Kura ne, kakana marini ne, mahaifina ma ya taɓa kafin ya koma noman rani.

Ina yaro ana aike na karofi kai abinci. Za ka tarar da rijiyoyin a jere, kowace da murfinta na kaba kamar malfa. Ana zuba baba da toka, a bar su kwanaki suna ruɓa har kumfa ya taso, warin kuwa sai ka toshe hanci tun daga nesa. Kakana zai tsoma yadi ya ɗago, ka gan shi kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a kan idonka. Haka zai yi ta tsomawa yana ɗagowa. Hannunsa har gwiwa bai taɓa komawa kalarsa ba, haka aka yi masa wanka aka binne shi, Allah ya jiƙansa. Daga nan sai ɗakin masu bugu, mutum biyu suna fuskantar juna da tabarya a kan gungume, suna barbaɗa shuni suna bugu har rawanin ya riƙa ɗaukar ido. Buzaye daga Agadas suke zuwa takanas saboda wannan rawanin da ake kira ɗan Kura.

Abin da nake so Ummi ta ƙara a lissafinta shi ne wannan. Gaskiya ne mun daɗe da cuɗanya da duniya, amma a da mu ne masu sayarwa. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a Kano ana kai su har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Fatar akuyar Sakkwato da aka jeme a nan, raƙuma ke tsallaka Sahara da ita, Turawa suna saye suna kiran ta fatar Maroko saboda ta can ta biyo. Audugarmu, zarenmu, masaƙanmu, marinanmu, dillalanmu. Yau fatar nan dai tana fita zuwa Italiya da Sifen, ta dawo a takalmin da wanda ya feɗe akuyar ba zai iya taya shi ba. Wurin zamanmu a kasuwar ne ya sauya, daga cikin rumfa muka koma bakin layi.

Ummi 'Yar Tattali:
Na karɓi gyara, Yaya. Wannan ita ce maganar.

Ɗan Kakuri:
Ni ba labarin ƙarni na 19 zan ba ku ba, na gidanmu ne. Mahaifina ya yi shekara ashirin da wani abu a ɗaya daga masaƙun Kaduna, ba sai na kama suna ba. Ina tuna jiniyar canjin aiki. Idan ta kaɗa, titin Kakuri cika yake da kekuna, ba ka iya tsallakawa. Masu abinci, masu shayi, masu facin keke, masu gidajen haya, kowa a jikin masaƙa yake ci. Bahaushe da Tibi da Bayarabe da mutumin Kudancin Kaduna duk layi ɗaya suke bi su karɓi albashi. Idan Sallah ta zo Baba kan dawo da yadi a ƙarƙashin hammata, auduga zalla, sai ka gaji da shi ka bayar bai yage ba.

Ina aji biyar na firamare aka ce su je gida na ɗan lokaci, za a neme su. Baba ya rataye katin aikinsa a ƙusa bayan ƙofa. Kullum da safe sai ya yi wanka ya sa kaya ya fita bakin get ya zauna da sauran, su dawo da azahar. Ya fi shekara yana haka. Daga baya ya fara gadi. Har ya rasu bai ga haƙƙinsa na sallama ba, katin kuma yana nan, mahaifiyata ta hana a cire.

Saboda haka Maman Amira, ki yi haƙuri, ba musu nake da ke ba. Atamfar ta yi araha, gaskiya ne. Amma a gidanmu lokacin da ta yi arahar ne muka kasa saye.

Maman Amira:
Allah sarki. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Ummi 'Yar Tattali:
Amin. Yaya Ɗan Kakuri, abin da ya sami gidanku yana da tarihi, kuma ba hannu ɗaya ne ya yi shi ba.

Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, 'yan kasuwar Hong Kong ne suka kafa ta. Wato ɗan Chaina ya taɓa zuwa ya kafa inji a Kaduna ya ɗauki 'ya'yanmu aiki, da audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi. Wannan ma ai cuɗanya da duniya ce, amma irin wadda ake ci tare.

A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP bisa shawarar Bankin Duniya da IMF. Aka karya darajar Naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa da dala suka yi tsada. A shekarar aka rushe hukumar sayen auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tabbacin farashi, da yawa suka koma masara. Ga rashin wuta, kowace masaƙa sai ta ƙona baƙin mai ta samar wa kanta lantarki. Ana cikin haka Chaina ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, sannan a farkon 2005 aka kawo ƙarshen yarjejeniyar da ke ƙayyade yawan tufafin da ƙasa za ta fitar. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Mai fama da janareta aka ce ya yi tsere da wanda gwamnatinsa ta ba shi wuta da titi da tashar jirgin ruwa da bashi mai sauƙi.

Na Gwanju:
Ina karanta ku daga nan Gwanju ta ƙasar Chaina, kuma zan faɗi abin da ba za a so ba. Shekarata shida ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta da lodin kaya. Wannan atamfar da Ɗan Fagge ke kuka da ita, kuna tsammani wani ɗan Chaina ne ya yi mafarkin ɗaurin rinin Ƙofar Mata? Alhazanmu ne ke zuwa da ƙyalle a aljihu, ko su turo hoto ta waya, su ce a buga musu kwantena kaza. Mai masana'anta zai jera maka inganci hawa uku ko huɗu, kowanne da kuɗinsa. Na sha tsayawa a tsakani ina fassara, mutuminmu yana cewa a rage zare, a rage kauri, a ƙara sitati don ta yi ƙyalli a shago. Wani har cewa yake a buga masa sunan wani kamfani a bakin zanin. Kayan da suke kai wa Turai daga wannan masana'antar suke fita, ba sa zuba.

Kuma ku daina ganin kamar mutanen nan a kwance suka samu. Yaran da ke kan injin daga ƙauyuka suke, a ɗakin kwana na masana'anta suke zaune, sau ɗaya a shekara suke ganin iyayensu, lokacin bikin sabuwar shekararsu. Kakanninsu sun ga yunwar da ta fi tamu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ɗan Fagge:
Wannan kam ba ƙarya. Mu a Kwari mun san masu odar. Rigimar ma ba ta tashi ba sai da 'yan Chainar suka gane hanya suka fara zuwa da kansu suna buɗe sito suna sayarwa kai tsaye. A 2012 ai har jami'an shige da fice suka kama wasu daga cikinsu a kasuwar. Lokacin da muke cin riba a tsakani ba wanda ya tuna da masaƙa.

Bamaraɗe:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ku bari mu ma mu amsa namu laifi. Kayan nan da yawa ta wurinmu sunka bi. A sauke a Kwatano, a yi musu takardar wucewa zuwa Nijar, su kwana a sito a Maraɗi, da dare su tsallaka ta Jibiya. Gidaje nawa anka gina da wannan? Kowa ya sani, har da masu kaki na ɓangarorin biyu.

Amma ni abin da ke ƙona min rai ya wuce atamfa. Tun 1971 anka fara haƙar yuraniyom, makamashin nukiliya, a Arlit ana kai shi Faransa. Faransa kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya take samu. Mu kuwa a Nijar, cikin mutum biyar da ƙyar ɗaya ke da wuta a gida, kuma a da mafi yawan wadda muke da ita daga Najeriya muke saye. Da anka yi juyin mulki a Yulin 2023 kunka katse, mun ga duhu da idonmu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sannan ku dubi wannan. Dutsen Arlit ba ya neman biza. Kwantenar Gwanju ba ta neman biza. Ƙwallon Turai na shigowa har ɗakin kallo na ƙauyenmu ba ta neman izinin kowa. Amma ɗan Adam? A 2015 anka yi doka a Nijar, da matsin Tarayyar Turai, wadda ta mai da ɗaukar baƙi daga Agadas zuwa iyakar Libiya laifi. Anka kama direbobi, anka ƙwace motoci, masu tafiyar kuma ba su fasa ba, sai sunka koma bin hanyoyin da babu rijiya. Sai a Nuwamban 2023 sojoji sunka soke ta. Wani abokina ya samu gurbin karatu a Turai, ya tara takardu, ya biya kuɗin biza, yanzu Yuro 90 ne, anka hana shi da takarda mai layi biyu, kuɗin kuma ba a maidowa.  In duniya ta dunƙule, to wa anka dunƙule a ciki, wa anka bari waje?

Na Gwanju:
Ɗan'uwa na Maraɗi, maganar biza na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ni na san wulaƙancin da koren fasfo ke jawowa a filin jirgi. Amma kuɗin yuraniyom ɗin da ya shigo, ko kaɗan ne, ina ya tafi? Mu da aka ba mu man fetur mun fi shekara sittin muna haƙa, ina wutarmu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bamaraɗe:
Ban wanke shugabanninmu ba. Amma wanda ya tsaga bangon da wanda ya shiga, sau da yawa tare suke cin tuwo.

Ɗan Zangon Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta ƙasar Gana, ku yi haƙuri da Hausar Zango. Ku kuna maganar sabon kaya, mu nan tsoho ne ya dame mu. Kasuwar Kantamanto ita ce uwar gwanjo a Afirka ta Yamma. Mutanen nan suna kiran kayan "obroni wawu", wato Bature ya mutu, don da farko sun ɗauka ba mai rabuwa da kaya masu kyau haka sai gawa. Ana ƙiyasta tufafi wajen miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 shara ne.

Yayata tana saye dila. Ba a buɗe maka ka gani, a ɗaure za ka biya. Ranar da ta yanka igiya muna tsaye, sama-sama riguna masu kyau, ƙasa kuwa masu tabon mai, masu yagewa, rigunan sanyi masu kauri da ba mai sa su a zafin Ankara. Ta zauna a kan dilar ta yi shiru. Abin da bai sayu ba yana ƙarewa a kwata da bakin teku, masunta suna jawo tsumma a raga. 'Yan matan da ke dakon dilolin nan a ka, yawancinsu daga arewacin Gana suke. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar. Wato su sa riga sau uku su jefar, mu mu biya kuɗi mu karɓi juji.

Ummi 'Yar Tattali:
Kuma ranar da ka ce ba ka so, sai a nuna maka iyakarka. A 2016 ƙasashen Gabashin Afirka suka shirya daina shigo da gwanjo don su tayar da masaƙunsu. 'Yan kasuwar gwanjo na Amurka suka kai ƙara, gwamnatinsu ta yi barazanar cire su daga AGOA, wato rangwamen harajin da kayan Afirka ke samu a kasuwarta. Kenya da Uganda da Tanzaniya suka ja da baya. Ruwanda ta tsaya, a 2018 aka dakatar da rangwamen da tufafinta ke samu a kasuwar Amurka.

Alhali ita Ingila, lokacin da yadin Indiya ya fi nata kyau da araha, dokoki ta yi a 1700 da 1721 ta hana shi, har masaƙunta suka yi ƙarfi. Sai da suka hau suka ce kowa ya buɗe ƙofa. Ko a auduga, Amurka tana ba manomanta tallafin da ke karya farashi a duniya, shi ya sa Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kuka taron ciniki na Cancun a 2003.

Maman Amira:
Ummi, duk na ji, amma kar ku ja mu ga rufe boda. Mun gani a 2019. Aka rufe daga Agusta har ƙarshen 2020, aka ce don a ci shinkafar gida. Wa ya ci ribar? Masu manyan injinan casa da masu bin daji da babur. Mu kuwa buhu ya gagare mu. Idan gobe aka hana atamfar waje alhali babu wuta babu auduga, ba masaƙa ce za ta tashi ba, kuɗin fito ne zai ƙaru, ni da kwastomomina mu biya. Ko yanzu tun da aka saki Naira a 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024, 'yar Chainar ma da kuke rainawa ta fara fin ƙarfin mutane. Masu sayen turmi sun koma rabi.

Ummi 'Yar Tattali:
Ban ce a rufe ba, Anti. Kariya ba tare da wuta ba, horon talaka ne kawai. Koriya ta Kudu ta kare masana'antunta amma da sharaɗi, wanda ya kasa fitar da kaya waje a janye masa tallafi. Mu kuwa a ba mutum bashin farfaɗo da masaƙa, ba mai komawa ya ga ko injin ya juya.

Ɗan Kakuri:
Injin ma ai wasu an kwance an sayar wa 'yan gwangwan.

Sadiya Mai Turare:
Ni dai ƙaramarku ce a nan, amma an yi ta zagin waya, bari in kare ta. Na gama makaranta na zauna shekara biyu babu aiki. Da wayar nan na fara ɗora turaren wuta da humra a Instagram da TikTok. Yau ina aika kaya Legas da Ankara da Jidda, har wata a Landan take oda duk bayan wata biyu. Kwalabena na Chaina ne, wayar ma haka, amma haɗin na kakata ne 'yar Maiduguri. Ba don duniyar ta buɗe ba da ina nan ina jiran miji ya ba ni kuɗin kati.

Malam Abu Sumayya, game da harshe kuma, ni gani nake Hausa ba ta taɓa yaɗuwa kamar yanzu ba. Ɗan Kumasi da ɗan Garwa da ɗan Sudan duk suna kallon barkwancin yaran Kano. Ga mu nan ma, mutum na Gwanju, wani na Maraɗi, wani na Nima, da wane harshe muke magana? Inda abin yake da ciwo shi ne kuɗin. Ƙawata tana da masu kallo fiye da wata Ba'amurkiya da muke bi, amma abin da YouTube ke ba ta bai kama ƙafar na waccan ba, saboda masu talla sun fi biyan kuɗi a kan idon ɗan Amurka. Ko kallonmu ma araha ne.

Abu Sumayya:
Allah ya sa albarka a sana'a, 'yata. Ban ce a jefar da waya ba, da ita nake rubutun nan. Amma ki lura da irin Hausar da ke yaɗuwar, da irin abin da injin ke turo wa yara. Wanda ya zauna ya yi bayanin tarihi mutum ɗari ne za su kalla, wadda ta yi rawa ko ashar dubu ɗari. Wanda ya tsara abin ba ruwansa da tarbiyyar ɗanki, so yake ki daɗe kina kallo. A nan nake ganin maganata da ta Jikan Marini ɗaya ce. Rijiyar ba tamu ba ce, mu dai muna zuba baba.

Sadiya Mai Turare:
Baba, wannan kam ka kama ni. Amma masu kallon ashar ɗin ma ai mu ne.

Shugaban Zaure:
Jama'a, an gode da yadda ake ta muhawara ba zagi. Na goge saƙo biyu na masu tallan "zuba dubu ka kwashi goma", don Allah a kiyaye. A ci gaba.

Jikan Marini:
Ɗan Fagge, in koma kan bikin. Anko na mata ya riga ya wuce, kar ka ja da gwaggo, ba za ka ci riba ba. Amma ku maza fa? Kai da abokan ango ba ku fi ku goma ba. Har yanzu akwai masu saƙar hannu a ƙauyukan Kano, akwai masu rini da baba na gaske, ba na gwangwani ba. Sai dai ka ba su lokaci, kuma ka sani zai ɗan zuba a wankin farko da na biyu, haka yake, kar ka haɗa shi da farin kaya. Ka yi min magana ta gefe in haɗa ka da wani ƙanin babana.

Na Gwanju:
In kun ɗinka kar ku ɗora hoton a fili, wallahi kafin arba'in ɗin amarya za ku gan shi a kwantena.

Ɗan Fagge:
Haha, kai ma da hannunka za ka fassara odar. Jikan Marini na turo maka saƙo. Na taɓa abokan ango, mutum huɗu sun yarda, uku sun ce sai sun ji kuɗin, ɗaya ya ce shi shaddarsa ya riga ya kai wa tela. Na gaya wa gwaggo, ta ce to madalla, amma in tabbata na fara biyan kuɗin ankon matata da har yanzu ban cika ba.